Bulon jar ƙasa: in sayi injin ko in dakata?

Wani mai gidan bulo daga Katsina ya rubuto: "Shekara tara ina buga bulo mai inci tara da mai inci shida. Tun da siminti ya tashi ciniki ya ja baya, masu gini sai su taya su wuce. Na ga ana tallar injin da ke matse jar ƙasa ya fitar da bulo mai shiga juna, wai ba ya cin siminti. Na tara naira miliyan 6, har ina tunanin sayar da filina in cika. In saya?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Filin nan dai ka bar shi inda yake tukuna, mu fara da lissafi.

Wanda ya ce maka bulon ba ya cin siminti, talla yake yi. Yana ci. Ana zuba siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin ƙasar, don kada ruwa ya narkar da shi. Ɗauki bulo ɗaya mai nauyin kilo 10, ka sa masa kashi 6: buhu guda mai kilo 50 zai ba ka bulo wajen 80. Nan ne mutane ke ruɗewa, su ce ai mai inci tara 30 kacal ake samu a buhu idan an yi na Allah. To amma bulon ƙasa ƙarami ne, kuma ba shi da rami a ciki. Bango mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya yana cin mai inci tara guda 10, na ƙasa kuwa yana cin sama da 35. Ka buga da kanka: na siminti ya ci sulusin buhu, na ƙasa ya kusa cin rabi. Ka ga ke nan idan bulo da bulo za a gwada, na ƙasar ma ya fi ci.

Sauƙin yana zuwa ne bayan bulon ya bar gidanka. Mai inci tara sai an kwaɓa siminti an ɗora shi, sai an yi filasta ciki da waje, sannan a zo maganar fenti. Kafin a gama, mita ɗayan nan ta lashe wajen kashi uku cikin huɗu na buhu, ban da yashi da kuɗin birkila da lebura. Mai shiga juna kuwa jera shi ake yi a bushe, sai layukan farko na ƙasa da na sama wajen linta ne ake sa wa kwaɓi, kuma idan aikin ya yi kyau ba ya son filasta ta waje. Ribar tana cikin bango, ba a cikin bulo ba. Kai kuma yanzu bulo kake sayarwa. Mutum zai zo ya tambayi kuɗin guda ɗaya, ya ji yana bukatar ninki uku da ɗoriya, ya kaɗa kai ya tafi, don ba shi da wanda zai zaunar da shi ya lissafa masa kuɗin filastar da ba zai biya ba. Wannan shi ne abin da ke sa injuna da yawa suna zaune a lulluɓe da tamfol.

Saboda haka sana'ar da kake shirin shiga ba irin wadda ka saba ba ce. Dole ka riƙa yin ciniki a kan ɗaki ko katanga gaba ɗaya, da maginanka a hannu. Birkilan da ya saba gyara karkata da kwaɓi ba zai ji daɗin wannan bulon ba, domin idan layin farko ya kauce, haka zai tafi a kauce har sama. Wani ma zai kushe shi a gaban mai gida, tunda aikin filasta da yake ci a ciki ya ragu. Ka samu biyu ko uku cikin yaranka masu natsuwa ka biya a koya musu, kuma ka sa kuɗin koyon a cikin jari.

Sai ƙasa, wadda ita ce uwar aikin. Ba kowace ja ce ke yi ba. Wadda laka ta yi wa yawa za ta tsage in ta bushe, wadda yashi ya rinjaya kuma za ta rududduge a hannu. Ƙasar sama mai saiwoyi da taki ba ta yi sam, baƙar lakar fadama ma haka. Gwajin farko ba ya cin ko sisi: zuba ƙasar a kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ka ajiye ta kwana. Da safe za ka ga tsakuwa da yashi a gindi, laka a sama siririya. Idan lakar ta kai sulusi, sai ka sirka da yashi. Bayan haka ka buga bulo kaɗan, ka lulluɓe su da leda kana yayyafa ruwa har mako biyu, ka bar su su cika wata guda, sannan ka jefa ɗaya a bokitin ruwa ya kwana. In ya fito da gefunansa garau, ka kai wasu sashen injiniyan gine-gine na kwalejin fasaha ko jami'a a danna su a inji a ba ka takarda. Takardar nan za ta yi maka magana a gaban ɗan kwangila fiye da rantsuwa.

Ka kuma duba daga ina ƙasar za ta zo. Abu ne mai nauyi, kuɗin tifa da man dizal na iya cinye duk abin da aka rage a siminti. Shi ya sa masu wayo ke jan injin zuwa wurin ginin. Kuma ka nemi izini kafin ka haƙa, ka san yadda za a cike ramin. Mu da muka tashi a birane masu kududdufai mun san abin da rami ke yi wa yara da damina.

Babban abokin gabarka dai shi ne idon mutane. A wurinmu wanda ya samu kuɗi rushe ginin ƙasa yake yi ya sa bulo, don a san ya samu. Alhali kowa ya san ɗakin kakarsa mai tubali da azara ya fi nasa sanyi a watan Afrilu: bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sako shi sai dare ya yi. Da tsadar wuta da man janareta, wannan sanyin kuɗi ne, kuma da shi za ka yi talla. Maganar cewa masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya gaskiya ce, sai dai ka adana ta don ƙungiyoyi da masu zanen gini. Mai gina ɗakin amarya aljihunsa yake dubawa.

In wani ya ce maka ginin talaka ne, nuna masa hoton masallacin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ne suka zana shi, aka gama a 2018 da irin wannan bulon na matsattsiyar ƙasa, tsohon masallacin garin kuma aka mayar da shi ɗakin karatu. Francis Kéré na Burkina Faso ma da makarantar bulon ƙasa ta ƙauyensu Gando ya fara a 2001, ga shi a 2022 ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini. Ka lura da rufin makarantar tasa, yadda ya zarce bango sosai. Ruwa ne ke kashe ginin ƙasa, don haka harsashi ya zama na siminti ko dutse, ya ɗaga sama da inda ruwa ke fantsama, kwano kuma ya leƙo waje.

Game da miliyan shidan, ga abin da zan yi in ni ne. Ba zan rufe layin bulon siminti ba, shi ke ciyar da gida. Zan ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, in yi hayar inji ko in sayi ƙaramin na hannu. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irinsa, ka tambaye su farashi kafin ka kalli injin kamfanin Hydraform na Afirka ta Kudu, wanda kayan gyaransa da kuɗin waje ake sayowa. Da bulon farko zan gina ofis ko shago a bakin gidan bulona, inda mai wucewa zai taɓa da hannu, ya shiga da azahar ya ji. Zan rubuta kowace naira da ta tafi, in bar ginin ya sha damina guda. Masu gina makarantu, gidajen kaji, katangar gona da shaguna su ne za su fara zuwa, tun kafin masu gidan zama.

Babban inji sai ka riƙe aiki biyu ko uku a rubuce, an ba ka kafin alƙalami, yadda kuɗin masu aikin ne zai biya rabinsa. Idan ka gwada ƙasar, turo mini kuɗin tifa ɗaya daga ramin zuwa gidan bulonka da adadin bulon da ta fitar, mu fitar da farashin mita tare.