Amsar Kawu kan maganar ƙaninka da NDLEA

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne don maganar ta yi min nauyi sai da na kwana da ita. Kace an samu tiramol a aljihun ƙaninka, babanku ya rantse sai ya kai shi ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hannunsa, mamanku kuma tana ta kuka tana cewa wannan tonon asiri ne, a al'ada ba a miƙa ɗa ga hukuma, shine kake tambaya wai mu a da yaya muke yi da mai shaye-shaye, kuma waye yake da gaskiya a cikinsu.

Toh farko dai kar wani ya yaudare ka da cewa a zamaninmu babu masu maye. Akwai. Akwai masu zuwa gidan burukutu a ɓoye, akwai masu shan zaƙami su haukace kwana biyu, leburori da manoma wasu suna haɗiyar ƙwayar ƙarfi don su yi aikin mutum uku, wiwi ma tun muna yara muna jin manya na cewa sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama ne suka yaɗa ta. Bambancin shine ba su da yawa kuma kowa ya san su, sannan ba a sayar da abin a bakin makaranta.

Yadda ake yi kuwa, idan yaro ya fara ba ubansa ne yake fara magana ba, saboda uba zuciya ce za ta ɗebe shi. Kawu ake kira ko baffa ko aminin uba, a zaunar da shi a zaure bayan isha'i ba a gaban ƙannensa ba, a tambaye shi waye ya koya maka, a ina kake samu, da wane kuɗi. In abin ya ƙi sai a ɗauke shi daga unguwar gaba ɗaya a tura shi ƙauye wajen dangi ya yi damina guda yana noma, ko a haɗa shi da wani mai sana'a da zai riƙe shi tun safe har magariba. Ba a hana shi abinci, ba a kore shi daga gida, akushi ɗaya yake sa hannu da 'yan'uwansa. Hukuncin da ya fi jin tsoro shine ranar da zai nemi aure a zo bincike a ce ai wane yana taɓawa, wannan kaɗai ya dawo da mutane da yawa hanya. Amma shi mai sayarwa, wallahi ba a rufa masa asiri ko na kwana ɗaya, dattawa ne za su tashi su je wajen mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba, ko ya daina ko ya tattara ya bar unguwar. Wannan rabewar ita ce al'adar, mai sha namu ne mara lafiya ne, dila kuwa ɓarnar gari ne. Mamanku ta riƙe rabin farko, babanku ya ɗauki hukuncin dila zai ɗora wa yaro.

Kuma ai ba daga ka aka ƙirƙiro wannan al'adar ba. Ita kanta giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba, a hankali aka bi da mutane, ayar Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta, ta Nisa'i ta hana sallah cikin maye, sannan ta Ma'ida ta zo ta yanke. Akwai sahabin da aka sha kawo shi ana masa bulala saboda sha, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi amma ba a yar da shi ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da babanku bai lissafa ba. Dokar da ta kafa NDLEA a 1989, abin da ke rubuce a cikinta ga wanda aka kama yana riƙe da miyagun ƙwayoyi ko yana sha shekara 15 ne zuwa 25, duk da dai alƙalai kan sassauta. Idan takarda ta shiga kotu ta fita daga hannun uba, ba zai dawo gobe ya ce na huce a ba ni ɗana ba. Yaro ɗan shekara 19 ka sa shi gidan yari da manyan diloli, ya shiga da tiramol ya fito ya san hanyar da ake shigo da ita.

Tsananin doka kuwa mun gan shi iri-iri a ƙasar nan. A 1966 soja suka yi dokar wiwi, mai nomawa har kisa, mai sha shekara 10. A 1984 gwamnatin Buhari ta sa hukuncin kisa kan safarar hodar iblis, a Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas, ina tuna yadda aka yi ta maganar a rediyo. A 2018 bayan binciken da BBC ta yi gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, abin da na gani da idona a unguwarmu shine kwalba ta yi tsada yara suka koma wasu ƙwayoyin. Binciken da aka fitar a farkon 2019 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. A 2024 ma majalisar dattawa ta sake kawo maganar kisa ga masu safara. Ni ban ƙi a tsananta wa mai shigo da kwantena ba, ko ɗan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya ƙwaya lokacin zaɓe, su ne ya kamata dokar ta ci, amma kullum ƙananan ake gani a hoto an jera su da ƙunshin wiwi a gabansu.

Na san ku 'yan boko kuna kawo maganar Amurka da ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933 abin ya gagara ta janye, da Fotugal da tun 2001 ta daina ɗaure mai sha sai dai a tura shi magani, Ghana ma nan kusa a 2020 ta mayar da hukuncin mai sha biyan tara. Ni dai ba na tare da masu cewa a halatta, haram haram ne kuma na ga abin da wiwi ta yi wa ƙwaƙwalwar yara. Amma raba mai sha da mai sayarwa da suka yi, kakanninka sun riga su.

Abu ɗaya nake roƙo dan Allah, kar tsoron hukuma ya sa mamanku ta ce a kai shi gidan mari a ɓoye. Ɗan maƙwabcina an kai shi irin wannan gidan ya yi wata takwas, ya dawo da tabon sasari a ƙafa baya iya kallon ubansa, ba a yi wata biyu ba ya koma sha. Ka tuna 2019 da 'yan sanda suka buɗe irin gidajen nan a Kaduna da Daura abin da aka tarar. Rufin asiri ba shine a ɓoye ciwo har ya ruɓe ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai na Barnawa a Kaduna, ita NDLEA ɗin ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali wanda daban yake da kamu, kuma tiramol in jiki ya saba ba a yanke ta lokaci ɗaya sai da likita, tana iya kawo farfaɗiya.

Ka ce wa babanku ina gaishe shi, ya yi min alfarma ya dakata zuwa Asabar, insha Allah zan shigo motar safe. Ni zan zauna da yaron, kai kuma kafin nan ka lallaɓa shi ka ji wajen wa yake saya, wannan sunan shi za mu kai wa mai unguwa da NDLEA ni da babanku tare. Kar ka bari ya kwana a waje, kuma ku ci abinci tare da shi yau.