Me ya sa yara ba sa gajiya da GTA?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon gem a Zariya. In ka cire wasan ƙwallo, babu abin da yara ke nema kamar GTA, alhali tsohon wasa ne, kuma duk harbe-harbe ne da ƙwacen mota. Mene ne sirrinsa? Anya ba ya ɓata tarbiyya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsufa kam ya tsufa. Kamfanin Rockstar ya fitar da GTA V (wato Grand Theft Auto na 5) a watan Satumban 2013, ya tara dala biliyan 1 cikin kwana 3, kuma zuwa yanzu an sayar da kwafi sama da miliyan 200. San Andreas kuwa, wani GTA da ya girme shi, tun 2004 yake, zamanin PlayStation 2.

A ganina ba jinin ne ke riƙe yaran ba. Ka tsaya bayansu ka kalla: da yawa ba sa ma bin labarin wasan. Wannan ya ɗauki babur ya nufi kan dutse, wancan ya saci jirgin sama don kawai ya ga garin daga sama. Yawancin wasanni hanya ɗaya suke shata maka, ka bi ko ka faɗi. Shi kuwa GTA V gari guda yake miƙa maka, Los Santos, wanda aka kwaikwayo daga Los Angeles, ya ce je ka yi yadda ka ga dama. Kuma garin yana mayar da martani. Ka bugi motar wani, direban ya fito da masifa. Ka yi laifi, tauraro ya bayyana a kusurwar allo, 'yan sanda su biyo ka. Ka ƙara, taurari su ƙaru har jirgi mai saukar ungulu ya shigo. Wannan guje-gujen shi ne zaƙin wasan, domin ba ya taɓa maimaita kansa. Ga kuma GTA Online, inda ake haɗuwa da abokai ta intanet, kamfanin yana ta ƙara masa sabbin abubuwa tun 2013.

Batun tarbiyya kuwa, a 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna irin waɗannan wasanni ne ke sa mutum aikata ta'asa, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa da zafin kai, kamar tsawa da ture-ture. Amma wannan ba lasisi ba ne. A Amurka an ware wasan ga masu shekara 17 zuwa sama, a Turai 18, saboda ban da kisa akwai ashar, ƙwaya da tsiraici. Yaron firamare ba shi da hurumi a nan. Ka juya shi ga ƙwallo ko tseren mota, ko da zai yi fushi.

Tambaya: Yaya, na sauke GTA 5 a wayata ta Android daga wani shafi, amma sai cewa yake in cike wani fom kafin ya buɗe. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, goge shi yanzu. Rockstar bai taɓa fitar da GTA V na Android ko iPhone ba. Wasan yana cin kusan gigabait 100 a kwamfuta, to ta yaya zai shiga ɗan fayil ɗin da ka sauke? Fom ɗin tarko ne: ko dai su ci kuɗin talla da datarka, ko su kwashi lambarka da kalmar sirrinka. In ka riga ka saka kalmar sirrin Gmail ko ta banki, canza ta a yau, sannan ka buɗe Play Store ka bari Play Protect, mai gano miyagun manhajoji, ya binciki wayar. San Andreas na gaskiya yana nan a Play Store, na kuɗi ne. Ka tabbatar sunan mai shi Rockstar Games ne kafin ka biya.