Malam, abin da ke kare shafinka ƙa'idar NCC ce, kuma majalisa na iya ture ta

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni malamin lissafi ne a Zariya. Na buɗe ɗan shafi a intanet inda nake ɗora darussan bidiyo da Hausa don masu zana WAEC da JAMB. Ɗalibaina suna kukan cewa datar nan mai araha ta WhatsApp da Facebook ba ta buɗe shafina. Masu wani layi kuma, ko da cikakkiyar data, bidiyon sai ya yi ta tsayawa. Ga shi kullum ana cewa majalisa na shirya dokar intanet. Kamfanin waya yana da ikon yi mini haka? Kuma ana iya wayar gari a toshe shafin?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Kukan ɗalibanka iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba.

Mu fara da tsayawar bidiyo. A 2019 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idar aiki ga masu sayar da intanet. Ta hana su toshe shafin da bai saɓa wa doka ba, ta hana su rage masa gudu da gangan, ta kuma hana su fifita wani a kan hanya. Kamfanin waya kamar direban haya ne: fasinja ya biya kuɗin mota, ba ruwan direba da gidan wa za shi. To in har kamfani ne ke shaƙe shafinka yana sakar wa manya hanya, ya taka ƙa'ida. Wahalar tana wajen hujja, domin abin da za su fara faɗa shi ne rumbun da ka ajiye bidiyon ne ba shi da ƙarfi, kuma sau da yawa hakan gaskiya ne. Ka gwada shafin a layuka daban-daban, a waya ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, na tsawon mako biyu, kana ɗaukar hoton allo da kwanan wata. Sai ka kai wa kamfanin ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin. In sun yi burus, ka kira NCC a 622 da wannan lambar a hannunka.

Datar WhatsApp da Facebook kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ƙararka a kanta ba ta da ƙarfi a yau. A fili ake sayar da ita, kuma NCC ce ke amincewa da farashin kamfanoni. Ni dai ban yarda adalci ba ne. Yaron da kuɗinsa bai wuce na wannan datar ba, an riga an zaɓa masa inda zai shiga, darasinka kuwa yana waje. Indiya ta haramta bambanta farashin data bisa abin da mutum ke buɗewa tun Fabrairun 2016, abin da ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na Facebook a can, wanda ke barin mutane su buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta. Mu ba mu kai nan ba. Kafin mu kai, ka riƙa ɗora gajerun darussa a inda datar ɗaliban ke isa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kariyar da na ambata ƙa'idar hukuma ce, ba dokar majalisa ba. Duk ranar da majalisa ta yi dokar da ta ci karo da ita, dokar ce a sama. Ko a Amurka an kafa irin wannan ƙa'ida a 2015, sabbin shugabannin hukumar sadarwar ƙasar suka soke ta a Disambar 2017. A nan gida, ƙudurin da Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo a Nuwamban 2019 ya so bai wa 'yan sanda ikon sa NCC ta umarci kamfanoni su toshe shafi kan zargin yaɗa ƙarya, ba tare da an fara zuwa gaban alƙali ba. Jama'a sun yi masa ca a zaman jin ra'ayi na Maris 2020, bai kuma zama doka ba. Amma irinsa ba sa mutuwa, riga suke sauyawa. Duk ƙudurin da ka ji, tambaya ɗaya za ka yi masa: wa ke ba da umarnin toshewa, alƙali ko jami'in gwamnati?

Ana iya toshe shafinka? An toshe wanda ya fi naka girma. Gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sai a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce matakin haramtacce ne. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin karɓa da isar da bayani. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro ko zaman lafiya, amma sai ta hanyar doka, dokar ma wadda ta dace da mulkin dimokuraɗiyya. In aka toshe ka babu wannan, sashe na 46 ya buɗe maka ƙofar babbar kotu. Sai dai ka lura, hukuncin Twitter ya zo ne wata shida bayan an buɗe shi. Ɗalibin da ya rasa darasi ana gobe jarrabawa, hukunci ba zai mayar masa da ita ba.

Kotunanmu kuma ba su cika tsoma baki a ƙudurin da bai zama doka ba. Saboda haka wurin maganarka shi ne zaman jin ra'ayin jama'a, wanda kwamiti ke kira bayan karatu na biyu. Kowane ɗan ƙasa yana iya aika takarda. Ka haɗa kai da malamai da 'yan kasuwar da ke cin abinci ta intanet, ku rubuta shafi biyu: yawan ɗalibanku, abin da toshewar mako guda za ta jawo, da buƙatarku cewa kada a toshe shafi sai da umarnin kotu, kuma a shigar da hana shaƙe shafuka cikin dokar kanta. Ku miƙa wa magatakardan kwamitin, ku ba sanatanku da ɗan majalisar wakilanku kwafi, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan naku.