Kasaru a Jirgin Sama: Daga Damagaram Zuwa Jidda

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, zan tafi Umara. Zan tashi daga Damagaram zuwa Yamai, in sauka gidan ƙanena har ranar jirgin Jidda. Wani abokina a kasuwar Dole ya ce mai hawa jirgi ba shi da kasaru, tunda bai sha wahala ba. Haka ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Nisan kasaru a mazhabarmu ta Malikiyya baridi huɗu ne, mil 48, kilomita 80 da 'yan kai. Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne a mota, Yamai zuwa Jidda kuwa wajen 4,000 a sama. Wannan ba abin jayayya ba ne.

Maganar abokinka ce nake so in tsaya a kai, don ta yaɗu. Shari'a ta rataya kasaru ga tafiya, domin wahala ba ta da mudu. Dattijon da ke jan ƙafa a filin jirgi da saurayin da ya kwashe hanyar Maradi yana barci a mota, wa zai auna wahalarsu? Kuma da wahala ce sababi, da mai dakon buhuna a Dole cikin zafin bazara ya fi kowa cancantar raka'a biyu, alhali babu malamin da ya ba shi. Sayyidina Umar ya yi mamakin kasaru bayan tsoron kafirai da ayar kasaru ta ambata ya kau, ya tambayi Manzon Allah (SAW), ya ce masa sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. To, wa ya isa ya mayar da ita don jirgi yana sauri? Ka gaya wa abokinka cikin taushi, kada zumuncinku ya ɓaci a kan wannan.

Abin da ba ka faɗa mini ba shi ne ke juya hukuncin: kwana nawa za ka yi a Yamai? In ka yi niyyar kwana huɗu cikakku, da shigarka garin ka cika salla. In kuwa jira kake, ana ce maka yau ko gobe, ci gaba da kasaru ko da an yi mako biyu. In kana da mata a can wadda kuka tare, shiga garin kaɗai ya yanke kasarunka. Bayan limamin gari kuma, ka cika tare da shi.

Sai ka kula da agogo. Jidda tana gaban Nijar da awa 2, kuma mai tafiya gabas rana tana saurin faɗuwa masa. Na ga alhazai suna kallon agogon hannu da lokacin gida, har Magariba ta riske su ba su yi La'asar ba. Ka bi ranar inda kake. Ka hau da alwala, ka ɗaura haraminka tun Yamai, ka yi niyya idan aka sanar da mikati, don jirgi yana wuce shi kafin ka gama kwance jaka.

Wallahu a'alam.