An ce sai an yi min tiyata saboda zazzagowar mahaifa, wa ya kamata in gani tukuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 47, haihuwata bakwai. Kusan shekara guda ke nan ina jin wani abu kamar ƙwallo yana saukowa ta gabana, musamman da yamma ko in na daɗe a tsaye. Likitan da ya duba ni ya ce mahaifata ce ta zazzago, sai an yi tiyata. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta hana ni faɗa wa kowa. Me zan yi kafin in amince?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Wannan ba ciwon daji ba ne, kuma galibi ba aikin gaggawa ba ne, saboda haka kina da lokacin yin bincike kafin ki sa hannu a takarda.

Mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji duk suna zaune ne a kan wasu tsokoki da jijiyoyi na ƙasan ƙugu. Yawan haihuwa, doguwar naƙuda, tari mai daɗewa, yunƙuri wajen bayan gida, ɗaukar kaya masu nauyi, ƙiba, da ɗaukewar al'ada duk suna sa su saki. Abin da ya zazzago zai iya zama mahaifa, ko mafitsara, ko hanji, ko biyu a haɗe, kuma kowanne aikinsa daban. Shi ya sa nake so ki nemi likitan mata wanda ya ƙware a matsalolin mafitsara da ƙasan ƙugu, wanda ya saba yin irin wannan aikin. Zai duba ki, ya sa ki yi tari ko yunƙuri, ya gaya miki matakin da abin yake, daga na 1 zuwa na 4. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne ga na farko.

Ki tambaye shi ko akwai abin gwadawa kafin wuƙa. A mataki na 1 da na 2, motsa tsokar ƙasan ƙugu a ƙarƙashin kulawar ƙwararriyar fisiyo, wato ma'aikaciyar lafiya mai koyar da motsa jiki don magani, na tsawon aƙalla mako 16 yana rage damuwar sosai ga mata da yawa. Akwai kuma zoben roba mai laushi da ake kira pesari, ana sa shi a gaba ya tallafe mahaifar, a riƙa cirewa ana dubawa bayan 'yan watanni. Wasu matan da shi suke zama shekaru ba tare da tiyata ba. A ganina bai dace a kai mace ɗakin tiyata ba a taɓa yi mata maganarsa ba.

In kuwa tiyatar ce mafita, nan ne za ki cire kunya. Za a cire mahaifar ne ko za a ɗaga ta a ɗaure? Idan kina da sauran burin haihuwa ki faɗa tun wuri, domin ciki na iya warware gyaran. Ki faɗa masa kina da aure kuma kina kwanciya da maigida, saboda akwai wani aiki da ake rufe gaban gaba ɗaya, wanda ake yi wa tsofaffin da suka bar wannan. Ki tambaya ko za a sa raga, wato wani saƙaƙƙen zaren roba da ake ɗinkawa a jiki domin ya tallafe abin da ya zazzago. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da ragar da ake sawa ta farji domin wannan matsala a 2019, saboda ciwo da raunukan da ta jawo wa mata, amma ana ci gaba da amfani da wadda ake sawa ta hanyar tiyatar ciki. Sannan ki tambayi batun fitsari. Wani lokaci abin da ya zazzago yana danne hanyar fitsari, sai bayan an gyara mace ta ga tana ɗigar fitsari in ta yi tari ko dariya. Wannan daban yake da yoyon fitsari, kuma ana iya gwadawa a gano shi kafin aiki. Ki kuma sani cewa abin yakan dawo wa wasu ko bayan tiyata.

Kafin ranar aiki, a magance taurin bayan gida da tari, a daidaita suga da hawan jini in kina da su, a duba ko jininki ya isa. In al'ada ta ɗauke miki, likita na iya ba ki man shafawa mai sinadarin istirojin domin fatar wurin ta yi ƙwari.

Batun ɓoyewa kuma, ba zai yiwu ba. Bayan tiyata za ki yi kamar mako 6 ba ɗaukar nauyi, ba kwanciyar aure, dole wani ya riƙe miki hidimar gida. Ki sanar da maigida, ki kuma zaɓi mace ɗaya da kika yarda da ita ta raka ki asibiti, ta riƙe miki abin da likita ya faɗa, domin mai tsoro ba ta cika riƙe bayani ba. Ki rubuta tambayoyinki a takarda ki tafi da su.

Amma in fitsari ya ƙi fita, ko kika ga jini, ko abin da ya fito ya yi gyambo ko ya ƙi komawa, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi asibiti a ranar.