Kafin ka ɗaga waya a Ƙwanni

Ɗana, saƙonka ya iske ni nan Tawa. Ka ce za ka taso daga Yamai da abokanka ku ga tsofaffin wurare na Birnin Ƙwanni, kana tambaya ko dole ne sai an bi ta ƙofar fada, tunda ba gidan kowa za ku shiga ba. Dole ne.

Ku yaran yanzu kuna ganin Ƙwanni tasha ce kawai: 'yan canji, duwan, babura masu tsallakawa Illela, hanyar Sakkwato. To, garin ya girmi iyakar nan nesa ba kusa ba. Yana da ganuwarsa da sarkinsa tun kafin Faransa da Ingila su ja layi tsakanin dangi. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Bule da Shanuwan, ta auka masa, bayan ta baro Lugu, garin Sarauniya Mangu. Aka ƙone gari, aka kashe mutane ba adadi, aka zuba gawawwaki a ramuka. Filin da za ka gani ka ce fili ne, wataƙila kakan wani ne kwance a ƙarƙashinsa. Shi ya sa ba a kutsawa. Ka fara gaida sarki ko mai unguwa, ka tuɓe takalmi a bakin zaure, ka faɗi ɗan wane ne kai da abin da ya kawo ka. Su za su haɗa ka da dattijon da ya san inda ake takawa. Ka riƙe goro, kuma kada ka miƙa shi da hagu.

Masalata tana nan kusa, wurin Azna masu addinin gargajiya, inda ake buɗin daji a duba abin da shekara za ta zo da shi. Ni ba na yin abinsu, kai ma ba ka yi, amma ban yarda ka je ka yi dariya ba. In an ce kada a taɓa dutse ko itace, ka janye hannunka. Hoto kuwa sai da izini, ko da bango ne.

In lokaci ya rage, ku ƙarasa Maratta wajen Galmi, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Can ma sallama za ku fara yi, ba hoto ba.

Ka gaida mahaifiyarka. Ka kuma sa doguwar riga da hula, ban da gajeren wandon nan naka.