Tambayoyinku: Maɓallin Muryar Amfilifaya Ya Fara Ƙarr-ƙarr

Daga Zariya: Malam, idan na murɗa bolum ɗin amfilifayata sai sifiku su yi ta ƙarr-ƙarr. Wani abokina ya ce in ɗiga masa kananzir, na ɗiga, ya yi shiru kwana biyu, yanzu abin ya fi da muni.

Haba ɗan'uwa! Wannan ɗabi'a ta ɗiga kananzir, fetur ko baƙin mai a cikin bolum ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Har wanda ya fesa maganin sauro na taɓa gani. Abin da ke cikin bolum, wanda masana ke kira fotenshiyomita, wani siririn zobe ne na gawayi da ɗan harshen ƙarfe ke gogawa a kai yayin da kake murɗawa. Ƙurar hunturu ce ke shiga tsakaninsu, ko gawayin ya side saboda tsufa. Kananzir yana wanke ƙurar na ɗan lokaci, shi ya sa ka ji shiru, amma yana tafiya da man da kamfani ya sa wa sandar da kake murɗawa, ya bar maiƙon da ke kama sabuwar ƙura kamar danƙo. Fetur kuwa yana iya cin robar da ke ciki. Akwai feshi na musamman na goge mahaɗar lantarki, ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ta Kano da makamantanta. Cire wuta, fesa kaɗan ta ɗan ramin da ke kusa da ƙafafun, ka murɗa gaba da baya sau talatin, ka bari ya bushe.

Naka kam ya riga ya sha kananzir, sai canji. Ka karanta rubutun da ke bayansa kafin ka je kasuwa, misali A50K ko A100K: harafin shi ne nau'insa, lambar kuma yawan tirjiyarsa ga wuta. Na sitiriyo hawa biyu ne a kan sanda ɗaya, ƙafa shida, uku na dama uku na hagu. Idan ka ƙirga ka ga sun fi shida, yawanci tsohon samfuri ne mai ƙarin ƙafa ta maɓallin da ke ƙara kaurin sauti, kuma irinsa za ka nema. Ni dai kullum cewa nake a ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a narka dalma, sannan a tafi da tsohon a aljihu, don tsawon sanda da siffarta sun bambanta: wata mai haƙora ce, wata an shafe gefe ɗaya. Kada kuma ka manta manyan kafasito na riƙe wuta ko bayan an cire filogi. Idan ka sa sabo ƙarar ba ta tafi ba, to laifin ba na bolum ba ne, mai yiwuwa wata ƙaramar kafasito ce kusa da shi ke yoyon wuta.

Daga Maraɗi: Na sa sabon B50K, amma da na ɗan taɓa shi murya ta cika ɗaki.

Harafin ka kuskure. Mai B yana ƙaruwa daidai wa daida, kunnen ɗan Adam kuwa ba haka yake jin ƙarfin sauti ba, don haka bolum mai A ake sa wa. Ajiye B ɗin, zai yi amfani a wurin daidaita dama da hagu. A wasu tsofaffin kayan Turai an juya haruffan, sai ka gwada da mita: sanda a tsakiya, idan ta nuna rabin adadin da aka rubuta a jikinsa, ba na murya ba ne.

Daga Kumasi: Ban sami 50K ba, 100K ce kawai a shago.

Sa ta, yawanci tana aiki lafiya. Kada dai ka sauko zuwa 10K.

Daga Gusau: Idan na rage murya sosai sifikar hagu na yin shiru kafin ta dama.

Fara musanya wayoyin sifikun ka tabbatar ba sifikar ba ce. In matsalar ta koma sifikar dama, hawa biyun bolum ɗin ne ba su jitu ba, ciwon bolum mai araha ke nan. Nemi na kamfanin Alps, ko na Alpha idan aljihu bai kai ba. Na fi son mutum ya biya sau ɗaya da ya riƙa gasa allon na'urar da ƙarfen dalma duk wata uku har layukan tagulla su ɓare.

Daga Yamai: Nawa yana juyawa ba iyaka, na ce ko ya karye ne.

Mai yiwuwa bai karye ba, akwai samfurin da haka aka ƙera shi. Wannan ba gawayi a cikinsa, saƙo kawai yake aika wa ƙwaƙwalwar na'urar, kuma bolum na gargajiya ba zai zauna a gurbinsa ba. Kai wa mai gyara ya nemo irinsa.